Hannun Yaya Cindo

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ba da niyya ba. Ta zo hutu daga makarantar likitoci ta jami'a, tana zazzage jakarta a tsakar gida, sai ga hannun mutum ya faɗo ƙasa, ƙashi zalla, fari fat. Yara suka watse da ihu, uwarta ta saki tsintsiya tana salati, ita kuwa 'yar banzar dariya take har da riƙe ciki. Ta ɗauko ta miƙo mini, ta ce, “Haba angona, kai da ka tsufa a aikin likita? Roba ce fa. Taɓa ka ji.” Na taɓa. Roba ce kuwa, sumul, ba nauyi, ba sanyin nan da na sani. Ta ce irinsu ake kawo musu yanzu daga waje, mutum sukutum daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa, kuma da zarar sun wadata za a kwashe tsofaffin ƙasusuwan gaske da ke ɗakin karatunsu, don sun fara marmashewa. Na ce a kai su ina? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita ina ta sani. Na mayar mata da abinta bayan na ƙirga yatsun, don haka na saba yi wa kowane hannu tun ina saurayi. Ranar tuwo bai wuce mini ba.

Ni haifaffen Zermu ne, a zamanin da garin bai san ƙarar mota ba. Abin da ke tashin mutum da safe shi ne luguden mata, da gogar igiyar guga a kan itacen bakin rijiya, da tarin tsofaffi masu dawowa daga masallaci. Gidanmu babba ne, gandu ɗaya muke nomawa, babana da wansa ba su taɓa raba rumbu ba. Ɗan wan baban nawa shi ne Yaya Cindo. Yaran yanzu da wuya su san dalilin wannan suna, don tun a ɗakin haihuwa ake cire abin kafin uwa ta gani da kyau. A da, in an haifi yaro da yatsa na shida, wanzami ne ke ɗaure shi da gashin wutsiyar doki ranar suna, ya bushe ya faɗi da kansa. Na Yaya kuwa, da wanzami ya latsa sai ya ji ƙashi a ciki, ga gaɓa ga farce, a gefen ƙaramin yatsan hannun dama. Ya ce shi dai askarsa ba ta taɓa abin da Allah ya sa wa ƙashi. Kakarmu ta ce a bar mata jikanta yadda ya zo, wanda ya yi masa ƙarin ya san abin da zai yi da shi.

Abin da ya yi da shi kuwa tsokana ce da kiɗa. Da shi yake ɗallin kunnena in na yi barci a gona. In an dawo da yamma ana jiran tuwo, sai ya kifa ƙwarya a tsakanin ƙafafunsa ya yi ta buga ta da yatsu, kuma duk samarin unguwa sun gwada kwaikwayon kiɗan nan sun kasa, don kullum akwai bugu ɗaya ƙarami da ke biyo bayan sauran, wanda hannun kowa ba ya bayarwa sai nasa. Matarsa Fanna 'yar Barebari ce, ubanta falken kanwa ne da ya yada zango a garinmu ya ƙi tashi. Ni da ita wasa muke irin na ƙanen miji, ina ce mata matarmu, tana ce mini ƙaramin miji mai ƙaton ciki. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, ko na yanka ko na wasa. In ya dame ta da kiɗa sai ta ɗaga murya daga madafa, “Kai mai ƙaton ciki, gaya wa yayanka ƙwaryata ba ganga ba ce. In ya fasa ta, da hularsa zan riƙa auna tsaba.” Shi kuma ya ƙara ƙarfin bugun yana dariya.

Nasara sun zauna a Damagaram tun kafin in yi wayo. Mu a ƙauye ba fuskarsu muke gani ba, saƙonsu ke iso mana a bakin gardi, dogarinsu mai jar hula: yau gero, gobe raƙuma, jibi majiya ƙarfi. Da aka ce gidanmu ya ba da yaro ɗaya zuwa lakwal, makarantar Nasara, ba a yi doguwar shawara ba aka nuna ni, don ni ne wanda in an miƙa masa hauya sai ya fara duba inda inuwa take. Ina can birni ina haddar harshen Nasara aka ɗebi Yaya tare da wasu samari, aikin tilas, ɗaukar kaya a hanyar arewa. Da damina ta kusa abokan tafiyarsa suka dawo, kowa ya rame ya yi baƙi, babu shi. Suka ce ciwon ciki ya kama shi a hanya har ya kasa ɗaga kaya, gardi ya sa aka ɗora shi a jaki aka nufi birni da shi. Iyakar saninsu ke nan. Babana ya zo Damagaram ya karaɗe unguwannin Zango da Birni, ya tambayi masu wankan gawa, ya tambayi masu haƙan kabari, har ƙofar gidan kaso ya je ya tsaya. Wuri ɗaya ne bai leƙa ba, gidan likita, don a lokacin ko sunan wurin mutane ba sa son ji. Cewa ake Nasara na tatsar man mutum a ciki. Ni ma da nake kwana a garin tunanin wurin bai zo mini ba, alhali daga lakwal ɗinmu ana hango rufinsa.

Fanna ta zauna ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Kowace yamma sai ta kwashe tuwon Yaya a akushinsa ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama wa yara. Uban Yaya ya rasu yana jira. Shekaru suka tura, manya suka ce mata alƙali na iya warware mata igiyar, ga yarinya ce, ga masu so. Ta ce, “A cikinku wa ya ga gawarsa?” Ba wanda ya gani. In na zo gida hutu na ce matarmu, sai ta yi ɗan murmushi don kada in ji kunya, amma ta daina ce mini mai ƙaton ciki. Ƙwaryar nan tana rataye a bangon ɗakinta, ba ta auna komai da ita.

Da na gama lakwal gemu ya fara tsiro mini, sai aka zaɓe ni cikin 'yan samarin da za a koya wa aikin jinya. A wurinmu likita shi ne gidan, mai gidan kuwa lokotoro muke ce masa. In jikata na ba ni labarin benayen makarantarsu da injinan da ke leƙa cikin mutum, sai in tuna tamu makarantar: ɗaki ɗaya na ƙasa a bayan likita, da rumfar zana a gabansa, da benci mai karkata. Ba mu cika tabarma biyu ba. Wanda ke kanmu manjo ne, wato babban mai jinya, wani tsohon soja daga can ƙasashen yamma, mai gurguwar Hausa da saurin hannu. Shi ya koya mana dafa allura, da wankin gyambo, da naɗe kurkunu a tsinke a hankali don kada ya tsinke a cikin ƙafa, da yin lambar rigakafin agana. Yanzu mace na naƙuda ake neman mota a kai ta likita. A lokacinmu, in muka shiga ƙauye da akwatin lamba, uwaye cusa 'ya'yansu suke a rumbu, mu tarar da gari tsit sai kaji. Lokotoron kansa matashi ne, zafin garinmu ya mai da shi ja wur, kullum da lofe a baki. Ba mugu ba ne. Na faɗi haka tun yanzu don kada a ɗauka wani abu nake shirin ɗora masa.

Akwai wani dogon akwati a kusurwar ɗakin karatun da ba a taɓa buɗewa a gabanmu ba. Ranar da lokotoro ya buɗe shi, wani abokinmu ta taga ya fita, ya bar takalminsa ɗaya. Mutum ne a tsaye, ƙashi zalla, an rataye shi da ƙugiya ta tsakar ka, an sassaƙale gaɓoɓinsa da siririn ƙarfe. Manjo ya koro mu ciki da bulala yana dariya. Muka ɗauka daga ƙasar Nasara aka kawo shi, tunda duk abin da ke ɗakin daga can yake, sai tsoro ya ragu, har muka laƙaba masa suna Dogo. Muka yi ƙoƙon kai, muka yi haƙarƙari, muka yi ƙashin baya, kowanne da sunansa mai murɗe harshe. Ni ne ma kan gaba wajen shaƙiyanci, na taɓa ɗora masa hulata. Hannunsa na dama yana ta jikin bangon akwatin, ba mu taɓa kula da shi ba.

Sai ranar da aka zo kan hannu. Lokotoro ya jawo shi waje wurin haske, ya ɗaga hannun daman da fara'a irin ta mai nuna dokinsa a kasuwa, ya ce mu ƙirga. Ya ce ba kowace makaranta ke da irin wannan ba, ko a ƙasarsu. Muka ƙirga da ƙarfi kamar yara. Da muka kai shida aka kwashe da dariya, ban da ni. Na ce a raina masu cindo ai suna da yawa a duniya. Lokotoro ya saki hannun, ya yi lilo ya bugi ƙashin cinya, yatsun suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙas-ƙas-ƙas, sannan ƙaramin bugun nan ya biyo baya shi kaɗai. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Da aka tashi na tsare manjo a bayan rumfa. Na ce, “Manjo, don Allah, Dogo daga ina aka kawo shi?”

Ya dube ni ya ce, “Ina ruwanka da shi?”

“A jaki aka kawo shi?”

Ya cire taba daga bakinsa. Ya ce, “A jaki. Tun zamanin lokotoro na farko. Baki ya rufe, bai iya faɗi garinsa ba. Ni na ba shi ruwa. Ya mutu, aka jira, ba kowa ya zo. Lokotoro ya ga hannu, ya ce wannan ba za a sa a ƙasa ba.” Sannan ya sassauta murya. “Naka ne?”

Na ce, “Yayana ne.”

Ya yi salati. Ya ce, “Yaro, rufe bakinka. Agana na gari. In mutane suka ji ɗan ƙasa ne a akwati, ba mai kawo yaro lamba kuma. Kai kuma kaso.”

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma akwai akushin da ake rufewa da faifai kowace yamma a Zermu. Ranar hutu na kama hanyar gida. Babana na fara gaya wa a zaure, ya rufe fuskarsa da hannun riga ya daɗe a haka, sannan ya ce in shiga in gaya mata da bakina, tunda idona ne ya gani. Na same ta tana surfe. Na durƙusa a gefen turmin, abin da ban taɓa yi mata ba, sai ta tsayar da taɓarya.

Da na gama ta ce, “Ka ƙirga da kyau?”

Na ce, “Na ƙirga, Fanna. Shi ne.”

“A kwance yake?”

Na so in yi mata ƙarya, bakin ya ƙi. Na ce, “A tsaye.”

Ta jingina taɓaryar a bango a hankali. “Duk shekarun nan a tsaye?” Ba ta yi kuka ba. Ta ce a ɗaura wa jaki akumari, ita za ta je ta gani.

Mu huɗu muka je, ni da ita da babana da limamin garinmu, ba wanda muka gaya wa inda za mu. Ni na yi tafinta. Da lokotoro ya fahimci zancen sai ya cire hularsa, ya ajiye lofe, kunnuwansa suka ƙara ja. Liman ya ce, “Gaya masa Musulmi ne. Haƙƙinsa a suturta shi, a yi masa salla, a rufe shi, kuma an riga an makara ƙwarai.” Lokotoro ya ce ya ji, kuma da shi ne a lokacin da bai yi ba. Amma a duk faɗin ƙasar nan wannan kaɗai ke akwai. In ya ba da shi yau, gobe da me zai koya wa waɗannan samari ɗorin karayar 'ya'yanmu? Ya ce zai aika ƙasarsu a kawo wani, sai dai tafiyar jirgin ruwa ce da ta raƙumi, in ya iso mu zo mu ɗauki namu. Ya kuma roƙe mu kada zancen ya fita har agana ta lafa. Liman ya kafe, lokotoro ya kafe, babana yana tsakiya yana kallon ƙasa, ni ina ta kai magana ina dawo da ita har makogwarona ya bushe.

Duk wannan Fanna ba ta cikinsa. Tana tsaye a gaban akwatin. Muka ji ta gaishe shi da harshen gidansu, a hankali, “Wushe, mai gida. Sannu da tsayuwa.” Ta warware mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, ta ƙulle tam, ta juyo ta harare ni. “Ku da kuke karatu, haka kuka bar shi tsirara a gaban mutane?” Na sunkuyar da kai. Ta sake dubansa tun daga sama har ƙasa, ta ce, “Kan nan ban san shi ba. Haƙarƙarin nan na kowa ne. Amma wannan,” ta nuna ɗan yatsan da haɓarta, “wannan na gidanmu ne. Ce masa ya ba ni shi in tafi da shi. Sauran ya biyo baya in ya gama.”

Na juya maganar. Lokotoro ya dubi hannun. Yatsan nan shi ne abin alfaharinsa, shi yake nuna wa duk baƙon da ya zo. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ɗan awartaki, ya warware ƙarfen da hannunsa, ya zuba 'yan ƙasusuwan a farin ƙyalle, ya miƙa mata da hannu biyu. Liman ya yi hamdala, babana ya yi godiya, manjo ya share ido a bakin ƙofa. Kowa a ɗakin ya ga an yi abin kirki, kuma an yi ɗin. A cikinmu ba wanda ya hango abin da muka yi.

A Zermu liman ya ce ba a yi wa yatsa salla, sai dai a naɗe shi a rufe. Sallar tana nan tana jiran mai ita. Amma tunda an samu shaidar mutuwa, Fanna ta shiga takaba. Masu haƙa suka so su yi ɗan rami kamar na jariri, ta aiko daga cikin gida ta ce a'a, a haƙa na babban mutum, daidai tsawon yayana, don kada in ya zo a ce sai an sake nema masa wuri. Aka haƙa kuwa. Ni na shiga ramin na ajiye ɗan ƙunshin a daidai inda hannun dama zai kwanta, aka jera itace, aka mai da ƙasa, aka kifa fasasshiyar tukunya a kai. Mutanen gari aka ce musu an gano inda ya rasu, wannan ne abin da aka samu, ba su ƙara tambaya ba. Da zan koma birni na leƙa ɗakin takaba, ta ce mini daga bayan asabari, “Kai ke ganinsa kullum. In ya gama aikin Nasara, ka kawo shi gida.” A wurinta aikin tilas ɗin nan da aka ɗebe shi ne bai ƙare ba. Na ce mata to.

Abokan karatuna suka sani, suka kuma riƙe. Daga ranar ba mai shiga ɗakin sai da sallama, ba a sake jin sunan Dogo ba, Yaya kowa ke cewa, har manjo. Mayafin Fanna na ƙugunsa, in darasi ya kai wurin a kwance, in an gama a mayar. A jikin yayana na koyi kowane ƙashi da na sani. Duk karayar da na ɗora a tsawon aikina, ta yaron da ya faɗo daga raƙumi, ta yarinyar da rijiya ta rufta da ita, in na lumshe ido ina laluben wurin, nasa ƙashin nake gani. Mutane sun yi ta sa mini albarka a kan abin da shi ya tsaya aka koya mini.

Da muka gama aka watsa mu, ni aka tura ni wani ƙaramin likita a can gabas, inda labari ba ya zuwa sai da ayari. Na daɗe ban ga birni ba. Da na dawo na tarar an mai da lokotoron ƙasarsu, manjo ya koma garinsu, ɗakin karatunmu ya zama wurin ajiyar magani. An ce yanzu ba a koyarwa a nan, can yamma ake tara samari daga kowane yanki a babbar makaranta, kuma an kwashe kayan koyarwa duka an aika can. Na shiga biro, wato ofishinsu, na bi ma'aikata ina tambaya. Wani ya ce, “Wanne daga ciki? An tattaro da yawa daga wurare.” Na buɗe baki zan ce mai yatsa shida, sai maganar ta maƙale mini. A nan tsaye na gane. Alama ɗaya Allah ya ba shi da za a iya fitar da shi a cikin dubu, mu kuma da hannunmu muka cire ta, da hamdala da godiya.

Fanna ta yi aure daga baya, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Amma duk zuwana Zermu, bayan an gama gaisuwa an watse, sai ta dube ni ta ce, “Bai gama ba?” In ce bai gama ba. Ban taɓa gaya mata abin da na gane a biro ba, don ita ta roƙi yatsan, kuma ba na son ta ɗauki wannan ta kwana da shi. Nasara suka tafi, aikin tilas ya zama labarin da ake ba yara, ita tana tambaya. Da ta rasu aka rufe ta kusa da tukunyar nan, bisa wasiyyarta.

Shi ya sa da hutun jikata ya ƙare na ce da ni za a koma. 'Ya'yana suka yi ta faɗa, wai tafiyar ta fi ƙarfin tsoho, ga ido ya yi hazo. Na ce su bar ni in je in ga gidan kishiyata, makarantar da ta ƙwace mini amarya. Na gani kuwa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Samari da 'yan mata cikin fararen riguna, 'ya'yan manoma irinmu, ga malamansu baƙaƙe 'yan ƙasa, ba mai riƙe da bulala. Na tuna bencinmu mai karkata, na tuna abokina da ya fita ta taga, na yi dariya ni kaɗai har jikata ta zungure ni.

Ta nemo izini aka buɗe mana ɗakin. Sababbin na roba suna gaba suna ƙyalli. Tsofaffin an tura su jikin bango, sun yi ruwan ƙasa, wani ba haƙora, wani ba ƙafa ɗaya, ba wanda ke da ko ƙyalle a ƙugu. Malamin da ya raka mu ya ce tun zamanin Nasara aka gaje su, ba wanda ya san daga inda kowanne ya fito, kuma in hannun wani ya lalace akan cire na wani a sa masa. Na yi sallama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda ido ba ya yi, ina shafa gefen kowane hannun dama ko zan ji ramin da ƙarfen nan ya bari. Kowanne ramuka ne birjik, gyara a kan gyara. Jikata ta daina wasa. Ta ce, “Kaka, wa kake nema?” Na ce, “Malaminmu na farko.”

Na ja da baya don in huta, sai na ga yadda muke. Sun yi sahu, kafaɗa da kafaɗa, ni tsoho ina gabansu ni kaɗai, kamar ni aka kawo su yi wa sallar da su aka hana. Na kira Yaya da sunansa na yanka, da ƙarfi, na ce Fanna ta ce in zo in kai ka gida. Ɗakin ya yi zafi, jikata ta ga ina tangaɗi, ta yi sauri ta tura taga. Iska ta shigo, hannuwan suka motsa gaba ɗaya, ƙas-ƙas-ƙas, daga wannan ƙarshen sahun zuwa wancan. Na riƙe numfashi, na kasa kunne ina jiran ƙaramin bugun nan da ke biyo baya.

Bai zo ba. Yana Zermu, ƙarƙashin tukunya, a cikin kabarin da har yau ba a yi wa salla ba. Ni na ajiye shi da hannuna.